Labarin Safen da Ya Ci Gambo Mai Dabino

Akwai ranakun da ke zamewa daga kan mutum ko bai so ba, akwai kuma wadda na shekara arba'in ina kora tana komowa kamar akuyar maƙwabci. Ita ce ranar da na kai labarin safe na biyar a kan Malam Ja. Ku samarin da kuka gaji aikin baƙi kun ishe ni, wai in koya muku yaren Nasara tunda an ce na iya. To, ku gyara zama. Na iya ɗin. Kalma ɗaya tak na iya, yau kuma zan ba ku ita kyauta, haɗe da abin da ya biyo bayanta, wanda ba ku tambaya ba.

Bari in fara da yadda aikin yake a lokacinmu, saboda wasunku ba su taɓa durƙusawa a zauren wani ba. Idan baƙo mai nauyi ya sauka Damagaram, ba a barinsa ya nemi masauki da kansa. Za a ba shi gida cikin Birni, a aika masa da rago da gero, sannan a haɗa shi da mutum ɗaya daga gidan kacallan da ke kula da baƙi. Kacalla babban bawa ne mai mutane a ƙarƙashinsa, namu kuwa sunansa Bukar. Mutumin da ake haɗa baƙo da shi, shi ne ɗan rakiya. A gaban baƙo, aikinsa ya kai shi kasuwa, ya kore masa 'yan kallo, ya juya masa magana. A bayan idonsa kuwa aikinsa ɗaya ne: kowace safiya, bayan gaisuwa, ya durƙusa gaban kacalla ya faɗi abu uku. Wa baƙo ya gani, me ya tambaya, me ya bayar. Wannan shi ake kira labarin safe. Baƙin sun san ana yi, mu ma mun san sun sani, kowa ya kama bakinsa.

Akwai wata doka da ba a gaya maka ranar da ka kama aiki, sai dai ka shaƙe ta a iska: ba a zuwa da baki wofi. Ɗan rakiyar da ya ce jiya ba abin da ya faru, an ɗauka baƙo ya toshe masa baki da kyauta. Abin da ake yi wa irin wannan, ba wanda ya taɓa gaya mini. Rashin sanin ne ya fi komai ba ni tsoro.

Ilmina ne ya ba ni aikin, kada ku yi dariya. Na kai izu goma sha ɗaya kafin malam ya kira ubana ya ce a daina ɗiban ruwa da kwando. Daga nan na bi ayari arewa sau biyu ina jan raƙumi, na kwaso Larabcin da ya isa sayen gishiri da zagin mai shi. Saboda haka da aka ce wani Banasare ɗan ƙasar Ingilishi ya iso tare da Larabawan arewa, bayan an gama yankan gero, sai aka duba gidan Kacalla Bukar kaf, aka ga ba shehi sai ni.

Dogo ne, kunnuwansa jajaye kamar an murɗa su, ba ya rabuwa da littafi, shi ya sa mutanen unguwa suka sa masa Malam Ja. Ya ce sarkinsu ne ya aiko shi ya ga ƙasashe ya rubuta harsunan mutane, yana jiran a ba shi iznin wucewa gabas. Da Larabci muke magana, nasa gurgu, nawa makaho, muna jan juna. Zazzaɓi ya kwantar da shi tun ranar da ya sauka. Ba ya fita, ba mai zuwa wurinsa daga cikin manya. Ku da kuka san aikin kun gane masifar da nake ciki: baƙo a kwance, ni kuma gobe da safe ana jiran bakina.

Ranar farko ya taka mini ƙafa zai shiga ɗaki, ya ce, "Sori."

Na riƙe kalmar. Jim kaɗan na yi masa magana bai ji ba, ya karkato kunne ya ce, "Sori?" Na ce a raina, to, ƙafa da kunne, magani ɗaya. Da la'asar matar da ke masa daka ta zo idonta a kumbure, ta ce ƙyanda ta ɗauke mata ɗa. Na juya masa. Ya cire hula, ya ce, "Sori." Washegari wani ɗan babban gida ya aiko a ba shi albarushi, Malam Ja ya girgiza kai yana murmushi, ya ce, "Sori," ya sallami ɗan aiken hannu wofi. Wadda ta fi ɗaure mini kai, wata rana mai kawo ruwa ya banke shi da tulu har ya jiƙa masa riga, shi da aka banka shi ya riga cewa, "Sori." Idan kuma mai dafa masa abinci ya ƙona nama, sai ya matse haƙora ya fara da "Sori," sannan faɗa ya biyo baya kamar ruwan ƙanƙara.

Na tambaye shi ma'anarta. Ya yi tunani, ya ce asalinta raina bai ji daɗi ba.

Na ce, "Malam Ja, mu muna da gafara, muna da sannu, muna da Allah ya ji ƙai, muna da yi haƙuri, muna da a'a, muna da ubanka. Ku riga ɗaya gare ku, da ita kuke zuwa gona, da ita kuke zuwa idi, da ita kuke jana'iza. Ashe talakawa ne ku a wajen magana."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya jawo littafi ya rubuta.

Da wannan kalma na ci abinci kwana huɗu. Kowace safiya in durƙusa in ce bai ga kowa ba, ya tambayi ruwa, ya ba ni aska. Sai in ɗora da sabon aikin da sori ta yi jiya, ina kwaikwayon muryarsa ta hanci. Zaure ya ɗauki dariya. Bayin gida suka kama, wannan ya make ƙeyar wancan ya ce sori. Ni kuwa har na fara tafiya kamar wanda ya sauke Alƙur'ani sau biyu.

Ranar ta huɗu Kacalla Bukar bai yi dariya ba. Ya bari aka gama, ya dube ni.

"Idi."

"Ranka ya daɗe."

"Kwana huɗu kana ba ni romo. Askar nan da ya ba ka, gemu take askewa ko harshe?"

"Gemu, ranka ya daɗe."

"To, gobe ka zo da nama."

Yanzu sai in gaya muku abin da na ɓoye a waɗannan kwanaki huɗu. Ba gaskiya ba ne cewa Malam Ja bai ga kowa ba. Akwai Gambo. Mutumin Gidimuni ne, daga bakin tafki, yana kawo dabino da albasa a jaki, ya kwana biyu uku a gari har kayan su ƙare. Ya shigo ne ya sayar wa baƙo dabino, surutu ya riƙe shi. Yana jin Hausa yana jin Barbarci, ba abin da ba shi da suna a bakinsa, daga ciyawa har tauraro. Malam Ja ya samu abin da yake nema. Gambo kuwa bai taɓa ganin an rubuta maganarsa ba, sai ya riƙa kumbura kamar kwaɗon damina. Ban sa shi a labarin safe ba don ina ganin mai dabino ba labari ba ne. Kuma, gaskiya, ina son zamansa.

Rabin Malam yake ce mini. "Rabin Malam, gaya masa ya rubuta sunana cikakke. Kada ya ci mini harafi yadda kake ci wa Fatiha."

"Kai da ko alifun ba ka sani ba?"

"Ni ban ce na sani ba. Kai ka ce."

Yana da tsohuwa, da mata, da 'ya'ya uku. Duk mun san sunayensu, don ba ya minti, astagfirullah, ba ya numfashi biyu bai ambaci ɗaya ba.

A ranar nan ta huɗu, da la'asar, Malam Ja ya ɗan ji sauƙi, muka zauna a tsakar gida. Ya tambayi Gambo yadda ake zuwa garinsu. Gambo ya share rairayi da tafin hannu ya fara zane da yatsa. Nan Birni. Nan za ka kwana. Nan rijiya ce mai daɗi, wannan kuwa kada ka sha, kanwa ce, sai ka kwana kana gudu bayan gari. Nan tafki, nan gidana. "In ka zo, zakara zan yanka maka, ba irin na Birni mai ƙashi ba." Malam Ja ya kwafe a littafi. Ba wani asiri a ciki. Kowane jaki a kasuwa ya san wannan hanya.

Da safe na durƙusa. Ina so ku ji da kyau, ban yi ƙarya ba. Ko kalma ɗaya ta ƙarya ban faɗa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya wani mutumin Gidimuni, Gambo, ya zana wa baƙo hanyar gabas da rijiyoyinta, mai daɗi da mara daɗi, baƙo ya rubuta."

A shekarar ana zaman ɗar-ɗar da mutanen gabas. Kullum ana raɗe-raɗin yaƙi zai taso, kuma kowa ya san abin da mai yaƙi ke fara tambaya shi ne inda dawakinsa za su sha. Na san da haka lokacin da nake jera maganar. Ina iya cewa ya nuna masa hanyar gidansu. Amma nama aka ce in kawo.

Kacalla ya gyaɗa kai, ya ce, "Yau ka ci tuwonka."

Kafin azahar an kama Gambo a kasuwa, albasarsa a baje. Aka sa masa marin ƙarfe a ƙafa. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba shi da ubangida a Birni da zai tambayi dalili. Da yamma na ji hukuncin daga bakin masu tsaron ƙofa: akwai ayarin da zai tashi arewa nan da kwana uku, za a ba su shi a matsayin bawa.

Na ruga wurin Malam Ja na gaya masa. Ban gaya masa wa ya kai maganar ba, shi ma bai tambaya ba. Ya tashi zai fita a lokacin, na tare ƙofa na zaunar da shi, na koya masa yadda ake ceto a ƙasarmu. Ku ma ku koya, don na ga wasunku ba su sani ba. Baƙo mai daraja yana da roƙo ɗaya, da wuya a mayar masa da shi. Amma roƙon yana da hanya. Za ka je da ƙafarka, ba a aike. Ka kai gaisuwa. Ka zauna a ƙasa. Sannan ka ce: wane ya yi laifi, laifinsa babba ne, ya cancanci abin da aka yanke, amma ina roƙo a ba ni shi. Shi ke nan. Babba ya samu damar yin kyauta a gaban mutanensa, kai ka tafi da mutuminka. Abin da ba a yi har abada shi ne a ce wane ba shi da laifi. Wannan cewa ne babba ya yi kuskure, kuma babba ba ya kuskure a zaurensa.

Malam Ja ya saurara har na gama. Ya ce, "Amma bai yi laifi ba."

"Na sani."

"To, ba zan ce ya yi ba. Ni na tambaye shi. Zan kai littafin in nuna musu."

"Malam Ja, don Allah. Ba gaskiya za mu je nema ba, Gambo za mu je nema."

Ya ce a ƙasarsu mutumin kirki ba ya shaidar zur ko da a kan abokinsa. Na ce ba shaida ba ce, gaisuwa ce, kamar ka ce lafiya lau alhali kana zazzaɓi. Ya ce ba ɗaya ba ne. Na yi magiya har na kama ƙafarsa. Daga ƙarshe na haƙura, don na shirya dabara a raina: ai ni ne mai juya magana. Ya faɗi abin da ya ga dama da Larabcinsa, ni in faɗi abin da ya dace da Hausa.

Washegari da hantsi muka je, yana ɗauke da turmin jan yadi. Muna shiga na tsaya cak. A hannun daman Kacalla ga wani attajiri Balarabe zaune, wanda ya shekara ashirin a garin nan, Hausa a bakinsa kamar a Birni aka yanke masa cibiya. Ko dacewa ce, ko Kacalla ya san halin masu juya magana, ban sani ba har yau. Dabarata ta mutu a bakin ƙofa.

Malam Ja ya zauna a ƙasa, wannan ya yi daidai. Ya miƙa yadi, aka karɓa. Sannan ya buɗe littafi ya ce Gambo ba shi da laifin komai, shi ya tambaye shi, ga zanen, hanyar gidansa ce kawai, duk wanda ya kawo wannan magana ya ɓatar da mai gida. Na juya, kalma bayan kalma, Balarabe yana kallon bakina.

Kacalla bai ko dubi littafin ba, ni ya duba.

"Idi, baƙonka ya ce mai kawo labari ya ɓatar da ni. Kai ne mai kawo labari. An yi zane ko ba a yi ba?"

"An yi, ranka ya daɗe."

"Da rijiyoyi?"

"Da rijiyoyi."

"Gabas ko yamma?"

A nan ne wurin. A nan zan iya cewa: gabas ne, amma iyakarta ƙofar gidansa, mutumin kwana huɗu yana zuwa ina ɓoye shi, da ka matsa mini na kumbura maganar don in tsira. Kalmomin suna nan a bakina, na ji ɗanɗanonsu. Na dubi ƙasa na ce, "Gabas, ranka ya daɗe."

Kacalla ya juya ga Malam Ja, ya buɗe tafin hannuwansa, ya ɗan karkata kai yadda na riƙa kwaikwaya musu, ya ce, "Sori."

Bayi suka toshe baki da hannun riga. Malam Ja ya dube shi, ya dube ni. Jan kunnuwan nan ya sauka har wuya. Ya rufe littafinsa ya tashi ba sallama.

Ranar da ayari zai tashi na je Zango da ƙwaryar fura. Na iske Gambo a layi, igiya a wuya, tsakanin wani tsoho da wata mata. Ya rame cikin kwana uku kamar an yi shekara. Na miƙa masa, ya sha rabi ya ba tsohon.

"Rabin Malam, ka zo?"

Na sunkuyar da kai.

"Bar sunkuyar da kai, ba ka yi kyau ba. Na san aikinka ne, kowa ya san aikin ɗan rakiya. Ni ne wawa." Ya goge baki. "Abu ɗaya. Ka sami mai zuwa Gidimuni, ya gaya wa ƙanena dabinon nan uku na bakin ruwa ban sa musu furen namijin dabino don su yi 'ya'ya ba tukuna. In sanyi ya wuce ba a yi ba, bana yara ba su da komai. Kada ka ci harafi a wannan."

Aka buga wa raƙuma tsawa, igiya ta miƙe, ya bi. Na aika da saƙon yadda ya faɗa. Ban ƙara jin labarinsa ba. Malam Ja ya ƙara kwana ashirin bai yi mini magana ba sai ta dole, sannan izninsa ya fito. Ya tafi gabas ta hanyar da ke cikin littafinsa, kuma na tabbata bai sha rijiyar kanwa ba.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe ko ku zubar. Manyan da muke yi wa aiki ba gaskiya suke jin yunwa ba, ba kuma ƙarya ba. Suna suke so. In ka ba su sunan mai ubangida, za a yi ta jan magana har ta mutu. In ka ba su sunan mai jaki, kafin azahar an gama. Baƙi kuma, ko sun fi kowa kirki, sun zo da dokokin garinsu a cikin kai, za su tafi da su, ba su ne za su kwana a nan ba. Saura kai, ɗan rakiya, da ke tsakiya. Ba sai ka yi ƙarya za ka kashe mutum ba. Ka jera gaskiya yadda ake so kawai.

Shekarar da ta biyo aka ba ni wani tsohon sharifi, ba abin da yake yi sai barci da jan carbi. Ranar ta uku Kacalla ya ce in zo da nama. Akwai mai wanki da ke shiga gidan, akwai mai sayar da itace, duk na san sunayensu. Da safe na durƙusa, na ce, "Ranka ya daɗe, jiya ba abin da ya faru."

A ranar na san abin da ake yi wa mai baki wofi. Aka fitar da ni tsakar gida, aka tuɓe mini riga, aka yi mini bulala goma sha biyu. Sannan aka ce in koma bakin aikina.

Cikin kwana tara bayana ya warke. Wanda ke son gani a cikinku ya matso in ɗaga riga, amma ya zo ta wajen haske, don sai ya ƙura ido sosai kafin ya sami tabon.